Rage Hanya a Sashen Sinadarai

Ina da wani hali da ni kaina ban yaba ba: in zan ba da labarin namiji mai shekaruna da irin tumbina, sai in tsinci kaina ina nema masa uzuri tun bai aikata laifin ba. To bari in sallami uzurin tun da wuri mu huta. Dakta Madalla ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba, kuma yana taka birki akuya ta tsallaka titi a tsanake. Abin da ya rasa kawai shi ne ƙarfin faɗin magana sau biyu. Yakan faɗi gaskiya sau ɗaya, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a kan tebur. In aka ture ta, sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Madalla." A nan ya samo sunan, har ɗalibai suka manta na gaskiyar.

Sashensu na kimiyyar sinadarai yana hawa na biyu na wani gini da fentinsa ya gaji da duniya. A sashen akwai wata ɗabi'a da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ta fi dokar jami'a ƙarfi. Suna kiranta rage hanya. Jami'a ba ta ƙara wa malami girma sai ya tara maƙaloli a mujallun bincike, shi kuwa bincike yana son lokaci da ciwon baya. Saboda haka in mutum ya gama rubuta maƙala zai aika, sai abokin aiki ya leƙo ofis ya ce, "Dakta, na ji za ka fita. A rage mini hanya mana." Sai a ɗora sunansa a cikin marubuta. Gobe in shi ma ya tayar da tasa motar, ya ɗauke ka. Cuɗe ni in cuɗe ka, kowa ya isa gida.

Motar da ta fi kowace fita a sashen ita ce ta Dakta Guga. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, domin ba a raba but ɗin motarta da guga da igiya da kwalaben roba. Shekara da shekaru tana bin unguwannin da ke bayan wata masana'antar batir, tana jan ruwan rijiya, tana kawowa ɗakin gwaji tana auna gubar dalmar da yara ke sha. Ita ce mace tilo a cikin manyan malaman sashen. Abokan aiki suna ce mata Malama, kalmar Dakta ba ta zauna musu a baki ba in ita ce a gabansu. Madalla ne kaɗai ke ce mata Dakta, kuma a ransa yana lissafa wannan a matsayin gudummawarsa ga 'yancin mata.

Ba wanda ba ta rage wa hanya ba. Baba Farfesa, wanda ya kafa sashen, ba a fita a bar shi, kuma don girmamawa sunansa ne ke shiga gidan gaba. Shugaban Sashe shi ke sa hannu a sayo sinadarai da tukunyar gas ɗin na'ura, to wa zai bar mai riƙe da makulli a bakin titi? Madalla kuwa sau uku yana tsayawa a ƙofar ɗakin gwajin yana sosa ƙeya, sau uku tana cewa, "Turo mini yadda kake so a rubuta sunan naka," ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba.

Ita dai ba a taɓa rage mata ba. Ba don ƙiyayya ba, a cewarsu, don kare mutuncinta ne. "Matar aure ce," in ji Shugaba. "In aka ga na ɗora sunanta a kan aikina, me mutane za su ce?" Sunan namiji a kan aikin mace kuwa bai taɓa jawo magana ba. Wannan sunansa kulawa.

A bana su biyu suka nemi matsayin mataimakin farfesa, ita da Madalla. Nata karo na uku ke nan. Kuma a wannan karon ba maganar albashi ba ce kawai. Gidauniyar da ta saya mata na'urar awon ta ce za ta ci gaba da ɗaukar nauyin aikin rijiyoyin, amma a zagaye na biyu dole jagoran aikin ya kasance ya kai mataimakin farfesa. In ba ta samu ba, aikin zai koma hannun wanda ya kai.

Ranar da kwamitin sashe zai zauna, Madalla ya tashi da fuska irin ta marasa gaskiya. Ya zauna a gaban shayi yana juya cokali. Matarsa, shugabar wata makarantar firamare, mace ce da ta saba gane yaron da ya fasa taga tun daga tafiyarsa.

"Baban yara, sukarin nan ya narke tun ɗazu. Me ya faru?"

Ya gaya mata. Jiya Shugaba ya tare shi a matakala ya ce za a ɗan yi tambaya a kan maƙalolin Malama, tunda duk da sunayen maza a kai, a san wa ya yi me.

"To wa ya yi?"

"Ita."

"Kai fa? Guda ukun da kake ciki?"

"Na... karanta ɗaya."

"Ka ja ruwan?"

"Haba ke kuwa."

"Ai tambaya na yi. Ni dai ko a gidan nan ban taɓa ganin ka ɗauki bokiti ba. Ranar da famfo ya ɗauke, tsayawa ka yi kana yi wa yara bayanin yadda ruwa ke hawa bututu." Ta ɗauki jakarta. "Ka faɗa musu gaskiya. Kana da 'ya'ya mata biyu, ɗaya tana cewa ita ma malamar jami'a za ta zama. Ban san a ina ta ga abin sha'awar ba."

Ya ajiye cokalin. In ya ce bai yi komai a maƙalolin nan uku ba, nasa lissafin ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Duk da haka, a hanya, yana bin bayan wata tirela mai hayaƙi, ya yanke shawara zai faɗa. Har ya ji ƙirjinsa ya ɗan buɗe. Ya kalli kansa a madubin mota ya ga kamar furfurar tasa ta dattako ce, ba ta rashin barci ba.

Ɗakin taron mai dogon tebur ne, da fanka mai kuka, da farantin biskit da ba wanda ke taɓawa sai Baba Farfesa ya fara. Tsarin kwamitin shi ne duk wanda za a duba fayil ɗinsa sai ya fita ya zauna a bencin ɗalibai da ke baranda, sai an kira shi. Aka fara da Madalla. Ya fita, ya tsaya a gaban allon sanarwa, bai ma gama karanta sunayen waɗanda suka faɗi jarrabawa ba aka leƙo aka ce ya shigo. Shugaba ya miƙo masa hannu. Fayil ɗinsa yana gefen dama, gefen waɗanda aka amince a tura gaba.

"Malama, bismillah," in ji Shugaba.

Dakta Guga ta ɗauki jakarta ta fita. Ta jawo ƙofar, ƙofar ta koma ta ɗan buɗe kamar yadda ta saba, ba wanda ya kula.

Shugaba ya buɗe fayil ɗinta, wanda ya ninka na Madalla kauri. Ya yi ta juya shafuka yana tsotsar haƙori.

"Aiki kam akwai shi. Ba mai musu. Amma jama'a ku duba mini nan. Babu maƙala ko ɗaya da ta tsaya a kai ita kaɗai. Nan Baba ne a gaba. Nan ni ne. Nan Baba da ni da Dakta. In fayil ɗin nan ya je gaba, tambayar farko da za a yi mana ita ce, ita wace rawa ta taka?"

Baba Farfesa ya gama tauna biskit, ya kakkaɓe gemu. "Yarinya ce mai ƙoƙari," ya ce. Yarinyar tana da jika. "Mai biyayya, ga tsafta a wurin aiki. Kwalabenta kamar ka sha ruwa da su. Amma wanke kwalba daban, tunani daban. Mataimakin farfesa mutum ne da ya tsaya da ƙafafunsa. Mu da muka riƙe ta muna tafiya da ita, mu ne ya kamata mu san ko ta isa a sake ta."

Madalla ya kalli nasa fayil ɗin. Shi ma babu maƙala ɗaya a ciki da ya tsaya a kai shi kaɗai. Ba wanda ya tambayi rawar da ya taka. Namiji in ya shiga mota, ɗauka ake yi shi ne direba.

"Dakta," in ji Shugaba, "kai kana kan uku daga ciki. Fisabilillahi, yaya aka yi aikin?"

Madalla ya gyara zama. Ya ɗora hannu biyu a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, gaskiyar magana ita ce ban yi komai ba. Ko rijiya ɗaya ban je ba. Ita ta tsara, ita ta auna, ita ta rubuta. Roƙonta na yi ta sa sunana, ta sa. Kuma ina jin... ina jin sauran ma haka ne."

Shugaba ya daina juya shafuka. Madalla ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda ya sauke kaya. Ya gama shirin a kore shi, har ya fara tausaya wa kansa.

Sai Baba Farfesa ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da buga tebur, har biskit ya sarƙe shi aka miƙa masa ruwa. Sauran suka kama.

"Kun gani?" ya ce yana share hawaye. "Kun ga tarbiyya? Wannan shi ne ɗan halak. Ya yi wa mace aiki, ya kuma zo zai tuɓe rigarsa ya yafa mata. Yaran yanzu ku koya. Wai bai yi komai ba!"

"Wai har da sauran ma haka ne," in ji Shugaba yana dariya, amma idonsa ba ya dariya. "Dakta, tawali'un naka ya tsaya a kanka, kada ka haɗa da mu. Kuma ka yi a hankali, in muka ɗauki maganarka da gaske, sai mu dawo da fayil ɗinka gefen hagu." Ya ɗan taɓa fayil ɗin da ɗan yatsa, cikin wasa.

Aka sake dariya. Madalla ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, ba ta canja ba, sake faɗinta kawai za a yi, da ɗan ƙarfi. Ya kalli yatsan Shugaba a kan fayil. Ya tuna da hayaƙin tirela, da madubi, da furfurar dattako. Ai ya faɗa. Kowa ya ji ya faɗa. In mutane suka ƙi yarda, laifin mai faɗa ne?

Ya gyara zaman tabarau ya ce, "Madalla."

Aka yanke shawara a jinkirta nata, a ba ta shawarar ta fitar da maƙala biyu ita kaɗai, sannan ta dawo. Baba Farfesa ya ce a rubuta a bayanin taro cewa kwamiti ya yaba wa Dakta Madalla bisa yadda yake rainon na ƙasa da shi, musamman mata. Aka rubuta.

Da aka kira ta, Shugaba ya yi mata bayani da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa mai jinya. Ta saurara har ya gama, jakarta a kan cinya.

"Na gode," ta ce. "Ke nan daga yau an yi mini izini in daina ɗaukar fasinja?"

"A'a, a'a, Malama," in ji Baba Farfesa. "Kada fushi ya sa ki zubar da halinki mai kyau. Sashe gida ne. Ba a cin abinci a gida a rufe ƙofa."

"Baba, an ce in fito ni kaɗai, an kuma ce kada in bar kowa a baya. Wanne zan yi?"

"Ke dai ki yi haƙuri. Mace da haƙuri aka san ta."

"Af, Malama," in ji Shugaba yana tattara takardu, "takardar gas ɗinki tana kan teburina. Zan duba ta in na samu sarari."

Ta dube shi, ta dubi Baba Farfesa. Madalla ne kaɗai ba ta duba ba, shi kuwa ya fi son a ce ta zage shi.

Bayan an watse ya yi ta kai da kawowa a ofis, sannan ya nufi ɗakin gwajin da ke ƙarshen baranda. Ya same ta ta sa farar riga da safar hannu, tana jera kwalabe a kan kanta, kowace da lambar rijiyarta. Wata ɗaliba da ke taya ta ta ga fuskarsa, ta tuna tana da aiki a waje.

"Dakta," ya ce, "ina so ki sani, na faɗa musu gaskiya."

"Na ji. Ƙofar nan ba ta rufuwa."

"To kin ji dai. Na ce ban yi komai ba. A gaban kowa."

"Na ji ka faɗa. Na ji an yi dariya. Sai na matso bakin benci ina jiran abin da zai biyo bayan dariyar." Ta ɗaga wata kwalba ta duba ta a hasken taga. "Kai ma ka san abin da ya biyo."

"Ba su yarda ba ne. Me zan yi?"

"Ba komai. Ka iya shi ai, kai da bakinka ka faɗa."

Ya ji maganar har cikin haƙoransa. "Zan iya zuwa in ce a cire maƙalolin nan uku daga fayil ɗina. In rubuta, in sa hannu."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi sosai. Ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Kallon da take yi wa sakamakon awo ne, wanda ta riga ta san abin da zai nuna amma ƙa'ida ta ce a maimaita.

"Shugaba yana ofis," ta ce. "Bai tafi ba, ga motarsa can. Fayil ɗin ma bai bar sashen ba."

"Yanzu?"

"Rijiyar nan mai lamba ashirin da uku, gidan da ke sha daga cikinta akwai yara biyar. Ƙaramin bai fara magana ba har yau. Ni na san sunansa. Wanda za a ba aikin nan bayana, ina so ya san sunansa. Shi ke nan abin da ke raina, Dakta. Ja mini ƙofar in ka fita, ƙura na shiga."

Ya fito ya kama hanyar ofishin Shugaba da saurin da bai san yana da shi ba. Ya isa ƙofar, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya ji Shugaba yana waya, yana faɗa da wani makanike. Bai dace a shiga wa mutum da babbar magana yana cikin ɓacin rai ba, za ta iya lalacewa. Ya tsaya ya jira. Wayar ta ƙare, aka fara wata. Ya ga cewa irin wannan takarda ma tana son a zauna a tsara ta da kyau, kada a yi ta cikin gaggawa ta zama abin da zai cutar da ita Dakta Gugar. Don ita ya fasa. Ya sauka matakala yana mamakin yadda yake da hangen nesa.

A gida matarsa ta tare shi tun daga ƙofa.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Duka?"

"Duka. A gaban Baba Farfesa."

Ta tsaya tana kallonsa, sai ta karɓi jakarsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta kira 'yan matan ta ce su zo su gaida ubansu, yau ya yi abin maza. Ya zauna a kujerarsa aka kawo masa shayi da madara mai yawa. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya bi maganarsa kalma bayan kalma ya tabbatar. Shayin ne dai ya bari ya huce a kofi.

Takardar da zai tsara ta yi kwanaki a cikin kansa. Ya sami jimlar farko mai kyau ƙwarai. Kafin ya sami ta biyu fayil ya bar sashen, kuma abin da ya bar sashe ai ya zama na hukuma, janye shi sai ya zama tonon silili ga mutane da yawa. Daga baya ya daina bi ta ƙarshen baranda, ya gano cewa matakalar baya ta fi kusa da ofishinsa, ga motsa jiki.

Masu tantancewa na waje suka dawo da rahoto, suka yaba ƙwarai da gudummawar Dakta Madalla a fannin gubar dalma a ruwan sha. Aka ba shi mataimakin farfesa. Da gidauniya ta nemi sunan jagoran zagaye na biyu, Shugaba ya ce ai ba sai an wahala ba, ga wanda ya san aikin tun daga tushe. Madalla ya ce shi gaskiya bai cancanta ba. Ya faɗa sau ɗaya.

Dakta Guga tana nan tana jan ruwa. A takardun gidauniya yanzu sunanta mataimakiyar jagora, kuma duk wata takan kawo masa rahoto ya sa hannu, ta nuna masa wurin da yatsa. A ɗan bikin da sashe ya shirya masa, Baba Farfesa ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda Madalla ya ɗauko Malama tun ba ta san komai ba, ya raine ta har ta zama abin da ta zama. Aka tafa. Ita ma ta tafa, tana tsaye a baya kusa da ƙofa.

Shekarun baya, ita ce malamar da ta duba wa Madalla aikin digirinsa na dakta, babi bayan babi.